Na auna 34, ashe 30 ne

Wajen shan kwana ƙarar motata ta fara. Duk lokacin da na murɗa sitiyari har ƙarshe na taka mai, sai in ji ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba ta dama, kamar ana karya busassun itatuwa. Da na miƙe hanya sai ta yi shiru. Ranar da na durƙusa na leƙa bayan tayar, na tarar robar da ke rufe gaɓar shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, ta yage, giris ya watsu ya yi wa cikin rim baƙin fenti, ƙasa kuwa ta daɗe da shiga ta cinye gaɓar. Gyaran a bayyane yake: a cire shaf, a sa wani.

Ni ba makanike ba ne, amma na saba taɓa motata da kaina. Na canza mai, na canza birki, na taɓa canza shokazoba. Na karanta yadda aikin yake, na ga ba abin da ya fi ƙarfina. Abin da ban lissafa ba shi ne noti guda ɗaya, babban nan da ke tsakiyar taya, wanda ke ɗaure kan shaf da hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a jikinta. Muddin bai kwance ba, babu abin da zai motsa. Aikin shaf ɗin gaba ɗaya bai fi na yini guda ba, amma neman soket ɗin wannan notin, wato kofin ƙarfen da ake kifa wa noti a murɗa shi, ya ci mini kwana biyar.

Na ɓalle murfin tsakiyar rim na haska da fitila. Ga shi can ciki, ya yi tsatsa, ƙura da giris sun lulluɓe shi, kan shaf ya ɗan leƙo ta tsakiyarsa. Na buɗe akwatin kayan aikina, soket mafi girma da nake da shi lamba 24 ne. Ko kusa. Sai na ɗauko ma'aunin baniya, mai baki biyu ɗin nan, na cire tayar don in sami wuri, na kama notin daga gefe zuwa gefe. Ya nuna milimita 34 da ɗoriya. Na sake aunawa ta wani gefen, duk dai wajen nan ne. Na ce to, tunda ya wuce 34, ai 35 ke nan. Na tafi na sayo soket mai lamba 35, mai kusurwa 6, ƙato mai nauyi, ina jin kaina kamar wanda ya gama aiki.

Na zura shi, ya shige sumul. Na murɗa, ya juya shi kaɗai kamar zobe a yatsan da ya rame. Bai kama komai ba.

Na ce wataƙila na yi sama da yawa. Na aro 34 a wurin wani maƙwabcina. Wannan shi ne ya kusa jawo mini asara, domin ya shiga, kuma da na ɗan murɗa sai na ji kamar ya kama. Har na sa dogon hannun ƙarfe na murɗa soket na fara dannawa, sai na ji yana zamewa a hankali, irin zamewar nan mai laushi da ba ta da daɗi a hannu. Na tsaya, na zare, na haska. Bakin haƙoran notin guda uku sun fara ƙyalli, ƙarfen ya fara murjewa. Da na ci gaba da na mai da notin kamar ƙwallo, kuma daga nan sai dai a yanka shi ko a yi masa walda.

A nan na kira kawuna. Shekarunsa da yawa a ƙarƙashin manyan motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma ba ya son dogon bayani a waya. Na gaya masa na auna 34 da wani abu, 35 ya yi yawa, 34 yana zamewa, 32 da na gwada daga baya ya ƙi shiga sam.

Ya ce, "Ka wanke notin?"

Na ce, "A'a Kawu, ban wanke ba."

"To je ka wanke shi, ka ƙirga haƙoransa, sannan ka sake kirana."

Na sa buroshin waya da ɗan fetur na goge. Da dattin ya fita sai na ga abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Notin ba mai kusurwa 6 ba ne irin wanda muka saba gani. Haƙora gare shi ƙanana a kewaye kamar tauraro. Na ƙirga da tsinin sukudireba: 12.

Da na sake kira, dariya ya fara yi. "Yaro, ai 30 ne. Mai haƙora 12. Ka auna tsini, su kuwa masu ƙera soket ba tsini suke aunawa ba."

Sai da na zauna da takarda da biro kafin maganar ta shige ni sosai. Lambar da ake bugawa a jikin soket ko sifana, faɗin noti ne daga shafaffen gefe zuwa shafaffen gefen da ke fuskantarsa. A noti mai kusurwa 6 wannan awon ba wuya, ka ɗora bakin ma'auni a kan gefe biyu shi ke nan. Amma idan ka auna daga tsini zuwa tsini, za ka sami abin da ya fi haka da kusan kashi 15 cikin 100, wato ka ninka da 1.155. Noti mai haƙora 12 kuwa, noti biyu ne masu kusurwa 6 aka ɗora ɗaya kan ɗaya aka ɗan karkata ɗayan da digiri 30. Shafaffen gefen ya ɓace, saura tsini kawai, don haka duk inda ka kama da ma'auni a kan tsini kake. Ka ninka 30 da 1.155, ka sami 34.6. Ga 34 da ɗoriyata ta fito. Ma'aunina bai yi ƙarya ba, ni ne ban san abin da nake tambayarsa ba.

Wani abin da ya ƙara rikita ni a lokacin shi ne, a takardar kayan gyara an rubuta notin a matsayin M22. Wannan kuma kaurin tiredin ne, wato zaren da notin ke hawa a kan shaf, milimita 22. Noti ɗaya ke nan da lamba uku: 22 na tiredi, 30 na soket, 34 da ɗoriya na tsini. Kowace gaskiya ce a wurinta, amma ɗaya ce kawai za ta kai ka ga soket.

Akwai kuma ƙa'idar da na koya a ranar, wadda ba ta aiki gaba da baya. Soket mai kusurwa 12 yana hawa noti mai kusurwa 6, yana kuma hawa mai 12. Soket mai kusurwa 6 ba zai taɓa hawa noti mai 12 na lambarsa ba. Mutum zai ce to a sayi mai 12 kawai a huta. A'a. In notinka mai kusurwa 6 ne kuma ya yi tsatsa, mai 6 ɗin ya fi, domin yana rungumar gefen notin da faɗi, mai 12 kuwa kusa da tsini yake kamawa, ya fi saurin murje shi idan aka sa ƙarfi. Kowanne da ranarsa.

Da na san abin da nake nema sai na ɗauka an gama. Ashe da saura.

Na sami 30 mai kusurwa 12, mai ƙyalli, gajere. Na kawo shi, ya hau haƙoran daidai, har na yi hamdala. Amma da na sa hannun a bayansa na tura, sai ya tsaya a rabi. Kan shaf ɗin da ya leƙo ta tsakiyar notin ya tokare da murabba'in hannun da ke shiga bayan soket. Haƙoran sun kama kamar milimita huɗu ko biyar kawai, sauran a waje. Da ƙaramin noti ne da na yi ta maza na murɗa, amma noti irin wannan da za a hau da nauyin jiki, rabin kamu daidai yake da babu. Dole sai dogo, mai zurfin da kan shaf zai shige ciki ya bar soket ya zauna har gindin notin.

Kawu ne ya sake fitar da ni. Ya ce, "Ai dama sabon noti za ka sa, ko tsohon kake shirin mayarwa?" Na ce sabo. Ya ce, "To me ya hana ka sayo sabon tun farko, ka sa shi a aljihu, duk soket ɗin da aka miƙo maka ka gwada a gaban mai shi?" Na yi shiru. Kwana uku ina kai da kawowa tsakanin mota da masu sayar da kaya, ina ɗauke da lamba a kai, alhali abin da zan ɗauka a aljihu bai fi girman ƙwai ba. Na kuma auna yadda kan shaf ya fito daga fuskar notin, na auna faɗin ramin tsakiyar rim, na rubuta duka a bayan hannuna.

Wannan awon na ramin rim ya yi mini rana. Soket manya iri biyu ne. Akwai masu ƙyalli na aikin hannu, waɗanda galibi ake yi da ƙarfe mai haɗin kurom da banadiyam, jikinsu siriri, ƙarfensu mai tauri. Akwai kuma baƙaƙe, waɗanda ake yi don bindigar iska, wato na'urar kwance noti mai aiki da iska, galibi da haɗin kurom da molibdinam. Su ƙarfensu ya fi juriyar duka, yana ɗan ba da kai maimakon ya tsage, shi ya sa ake yin bangonsu da kauri. Ana iya amfani da baƙi a hannu ba matsala, amma mai ƙyalli a bakin bindigar iska ganganci ne, yana iya fashewa ya watso ɓaraguzai. Ni baƙin na fi so ko da da hannu zan yi. Sai dai kaurin nan nasa ne ke hana shi shiga ramin wasu rim. Na farko da aka nuna mini ya fi ramin nawa faɗi da kusan milimita biyu. Da ban auna ba da na sake dawowa gida da kayan ado.

Sai maganar ramin baya, inda hannu ke shiga. Abin mamaki, galibin ƙasashen duniya sun koma milimita a bakin soket, amma wannan murabba'in har yau da inci ake kiransa: kwata, 3/8, rabi, 3/4, da inci ɗaya. An nuna mini wani 30 mai kyau, dogo, mai kusurwa 12, amma raminsa na inci 3/4 ne, hannuna kuwa na rabin inci. Mai kayan ya ce akwai mahaɗi da zan sa a tsakani. Na ƙi. Duk ƙarfin da za a sa ta wannan ɗan mahaɗin zai bi, kuma yana ƙara nisa tsakanin hannu da noti, abin da ke sa soket ya karkace ya zame. Ga ƙananan motoci rabin inci mai kyau yana isa. Idan aka fara maganar 46 zuwa sama, ko notin da aka san ya yi shekaru bai motsa ba a babbar mota, a nan 3/4 ke da magana.

A cikin wannan yawon ne na gane babu wata lamba ɗaya da ake kira ta notin hob. Toyota da yawa irin su Corolla da Camry na shekarun 2000 zuwa sama suna da 30 mai haƙora 12. Honda Civic da yawa 32 ne, Accord da yawa 36. Peugeot masu jan gaba da yawa 35 ne. Tsohuwar Volkswagen Beetle notinta na baya 36 ne. Land Rover Defender 52, tsofaffin Land Cruiser da Hilux masu jan ƙafa huɗu kuma 54 a gaba. Har a ƙira ɗaya lambar na iya canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma idan an taɓa canza shaf da na wani kamfani, sau da yawa yakan zo da notinsa mai wata lambar dabam. Shi ya sa duk wanda ya ce maka "ai motarka kaza ce, sayi kaza", ka gode masa, sannan ka je ka duba abin da ke jikin motarka.

Ga wanda ya gaji tsofaffin soket na inci, wasu suna kusa da na milimita har su yi aiki: inci 1 da 1/4 milimita 31.75 ne, 1 da 3/8 kuma 34.9, 2 da 1/8 kusan 54 cif. Amma 1 da 7/16 ya kai 36.5, rabin milimita ya fi 36, kuma wannan ɗan sararin ya isa ya murje noti mai taurin kai. Ni dai ban yarda da "ai kusan ɗaya ne" ba a wurin da zan hau da ƙafa.

A rana ta biyar na dawo da abin da ya dace: 30, kusurwa 12, dogo, baƙi, rami na rabin inci, kuma ya shige ramin rim da ɗan sarari. Sabon notin ya zauna a cikinsa ɗas, ba girgiza.

Kafin a murɗa akwai abu ɗaya da ba a tsallakewa. Notin nan yana da wuya siriri a samansa, kan shaf kuma yana da wani ɗan kwari da aka yanka. Wanda ya ɗaure notin ya daki wuyan ya lotsa shi cikin kwarin, don kada ya kwance da kansa a hanya. Wasu motocin maimakon haka fin ake zurawa ta rami a lanƙwasa ƙafafunsa, wannan da filaya ake zare shi. Nawa na lotsawa ne. Idan ka murɗa ba ka ɗaga lotsawar ba, tana iya bin tiredin shaf ta kankare shi. A nawa shaf ɗin dama zubarwa zan yi, amma na ɗaga ta duk da haka don ta rage mini taurin. Na nemo wani siririn ƙarfe mai faɗin baki daidai kwarin, na kwantar da shi ciki, na riƙa bugawa da guduma kaɗan-kaɗan har wuyan ya taso ya koma da'ira. Minti goma ya ɗauka. Na fesa man kwance tsatsa na bar shi ya jiƙa.

Daga nan na mayar da tayar ba tare da murfin tsakiya ba, na ɗaure notocinta, na sauke motar ƙasa. Ba a yin wannan kokawar mota tana kan jak. Ƙarfin da za a sa ya isa ya ture ta, kuma ƙasa ce ke riƙe tayar kada ta juya. Na ja birkin hannu, na sa duwatsu gaba da bayan tayoyin, na sa ƙanena ya shiga ya taka birki.

Littafin motata ya ce ana ɗaure notin da ƙarfin niyuton-mita 216. Wasu motocin sun fi haka, Camry da yawa 294 ne. Lissafin ba wuya: ƙarfin murɗi shi ne nauyin da ka ɗora sau tsawon hannun, kilo ɗaya kuma kusan niyuton 10 ne. Da hannu mai santimita 60, 216 na nufin nauyin kilo 37 a ƙarshensa. Wannan na ɗaurewa ke nan. Kwancewa bayan shekaru da tsatsa wani labari ne. Na danna da hannu biyu, ko gezau. Na ɗora ƙafa na hau, motar ta ɗan yi gaba ta dawo, notin yana nan.

"Yaya, in saki?" in ji ƙanena daga ciki.

"Kar ka saki, taka da kyau!"

Na ɗauko bututun ƙarfe na zura a kan hannun, tsawon ya kai mita ɗaya da ɗan wani abu. Ba a kan racet, wato hannun nan mai haƙora a ciki, na zura ba, haƙoran cikinsa ba za su ɗauka ba, kuma ba a kan sifana mai awon ɗauri ba, wannan ba don kwancewa aka yi ta ba. Na tokare wuyan hannun da guntun katako daga ƙasa don soket ya tsaya a miƙe kada ya sunkuya. Na daidaita bututun ya kwanta kusan a shimfiɗe ta hagu, na dafa jikin motar, na ɗora ƙafa ɗaya a ƙarshensa, na riƙa sakin nauyina a hankali, ba tsalle. Mutum mai kilo 70 a kan mita ɗaya ya kusa niyuton-mita 700. Bututun ya ɗan lanƙwasa, na ji ƙarfe yana kuka ƙiii, sai kuma ƙau! kamar an harba bindiga. Ƙafata ta tafi ƙasa. Gabana ya faɗi, na ɗauka hannun soket ɗin ne ya karye.

Ƙanena ya leƙo ta taga. "Yaya, me ya fashe?"

Na duba hannun, lafiya. Na duba soket, lafiya. Na sa hannu ɗaya na danna bututun, sai ya tafi.

Rubu'in zagaye kawai na kwance na tsaya. Wannan notin ba shaf kaɗai yake riƙewa ba, shi ne ke matse boris ɗin taya ya haɗa shi wuri ɗaya. Idan aka kwance shi sosai nauyin mota yana kai, ko aka tura motar a haka ko da taku kaɗan ne, boris na iya lalacewa, bayan 'yan makonni ka fara jin gurnani ka rasa daga ina. Na ɗaga motar, na sa matokaran ƙarfe a ƙarƙashinta, na cire tayar, sannan na ƙarasa kwance notin. Sauran aikin ya tafi yadda aka tsara, kafin rana ta faɗi sabon shaf ya shiga.

Wajen ɗaurewa ban yarda da bututu ba. Na aro sifana mai awon ɗauri wadda ta kai 216, domin ƙananan da yawa ba sa kaiwa nan. Na fara matse sabon notin iya ƙarfin hannu motar tana sama, ƙanena yana kan birki, sannan na ja sifanar a hankali har ta yi ƙas. Na ɗora baki mara kaifi a kan wuyan notin daidai kwarin, na ba shi guduma uku, ya lotsa ya zauna.

Da yamma na kira Kawu na ce an gama. Ya ce, "Madalla. Na hagun fa, ka duba shi?" Na ce ai iri ɗaya ne. Ya ce in dai je in duba. Na ɗauki fitila na ɓalle murfin tayar hagu na goge dattin. Wani ya taɓa canza shaf ɗin wancan gefen kafin motar ta zo hannuna. Notin mai kusurwa 6 ne, ma'auni ya nuna 32.